Rijiyar Kawu a Karofin Ƙofar Mata: Yadda Ta Mutu da Yadda Aka Tashe Ta

In Bakano ya ce wane mai hannu da shuni ne, nufinsa mai kuɗi, kuma matasa kaɗan ne za su iya gaya maka inda maganar ta samo asali. Ni na san hannu da shuni tun ban san kuɗi ba. Hannun kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda daga farce har gwiwar hannu ya rine, ko ranar Idi bai taɓa komawa kalarsa ba. Marini ne a karofin Ƙofar Mata, wato filin rijiyoyin rini da ke cikin birnin Kano, yana da rijiya ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa. Bayan rasuwarsa rijiyar ta yi shekara takwas a bushe, sai bara aka tashe ta. Na bi aikin daga ranar da aka fara yasa har ranar da aka ɗaure kaya, kuma abin da na gani a wata huɗun nan ya sauya yadda nake kallon karofin baki ɗaya.

Wanda ya wuce ta titi, tsakanin Asibitin Murtala da filin Idi, fili kawai zai hango mai ramuka. Wanda ya zauna ciki zai ga gari ne ƙarami. Rijiyoyin sun haura ɗari, kowace da gidan da ya gaje ta. Akwai sarkin karofi da dattawan da ake kai wa ƙara. Akwai rumfar mabuga a gefe, akwai dillalai, akwai yaran da ake aike, akwai kuma matan da ba a ganinsu a filin ko kaɗan amma rabin aikin a hannunsu yake, don su ke ɗaurin zane a cikin gidaje. In an yi rasuwa a gidan marini, muciya ba ta motsi sai an dawo daga maƙabarta. In rijiyar wani ta lalace, ba a jira ya roƙa.

A ƙofar shiga an rubuta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka riƙa kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rijiyoyin rini a cikin birni kaɗai sun fi 2,000, kuma kowace ana biya mata kuɗin karofi wuri 700. Ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Timbuktu a shekara sun kai kayan raƙumi 300, ban da na Gat da Murzuk da Tarabulus. Har yau sunayen unguwanni na ba da shaida: Karofin Zage, Karofin Sudawa, Karofin Kangiwa, ga Soron Ɗinki na maɗinka, ga Dukawa na masu aikin fata. A wajen birni kuwa garin Kura ya yi suna da baƙin yadi mai walƙiya, turkuɗi da rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa har shunin ya kama musu fata.

Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗaga rinin ƙasar Kano shi ne laso. A da a manyan tukwane ake rini. Da aka gano yadda za a ƙona katsi, wato dattin da ke kwanciya a gindin rini, a haɗa shi da gashin dabba da ruwan dafara ya zama shafe mai riƙe ruwa, sai aka sami damar haƙa rijiya mai zurfi da ke cin kaya da yawa a kan kuɗi kaɗan. Na kawo wannan ne don a labarin rijiyar Kawu laso ne ya kusa tsayar da mu.

Yadda ta mutu

Ba rana ɗaya aka kashe rinin baba ba, wato rinin da ake yi da shunin ganyen tsiron baba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A 1903 Turawa suka ci Kano, a 1911 dogo ya iso, yadin Ingila ya cika kanti. Daga baya masaƙun zamani suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Challawa, suka ɗauke masu saye, suka ɗauke samari. Su ma ba su tsira ba: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi suka rufe yawancinsu. Duk wannan Kawu ya gani, bai bar rijiyarsa ba. Abin da ya riƙe shi kashi biyu ne: fataken Nijar masu sayen baƙi, da baƙin da ke zuwa kallon hawan Sallah su biyo ta karofi su sayi zane ɗaya ko biyu.

Harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ya yanke na biyun. Baƙi suka daina zuwa. Ina tuna Kawu zaune a bakin rijiya da zannuwan ɗauri a shanye, tun hantsi har la'asar ba wanda ya taya. Bai yi shekaru da yawa bayan nan ba ya kwanta ciwon ajali.

Babban ɗansa, taubashina, ya iya aikin daidai gwargwado, amma tun kafin rasuwar ya koma acaɓa. Da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 ya karɓi adaidaita sahu na biya-kullum. Ba zan zarge shi ba. Yana da mata da 'ya'ya, ga mahaifiyarsa, ga ƙanne. Rini kuwa sai ka zuba kuɗi a rami ka jira makonni kafin ka tsoma ƙyalle ɗaya. Aka kifa wa rijiyar murfinta mai kama da malafa. Murfin ya ruɓe, iska ta riƙa kawo ledar ruwa da ƙasa, har ta cika zuwa rabi.

Mutane da yawa in ana wannan zance Sinawa suke ambata, kuma da gaskiyarsu. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa 45 da ke cinikin yadi a Kantin Kwari, a 2015 kuma marina sun fito zanga-zanga a Kano kan rinannen yadin da ake shigowa da shi. Amma a ganina wannan bugun ya fi sauka kan masu rinin shadda da sinadari. Rijiyar Kawu rashin aiki mai ɗorewa ne ya kashe ta, da kuma tsinkewar igiyar da ta haɗa manomin baba da masaƙi da mai ɗauri da marini da mabugi da falke. Marini shi kaɗai ba sana'a ba ne.

Yadda aka tashe ta

Bayan Sallar layya wani Alhaji da ke tura kaya Agadas daga Kantin Kwari ya zo karofi neman turmi 40 na rinin baba tsantsa, rabi baƙi bugagge, rabi na ɗauri. Rijiyoyin da ke da rai duk suna da aiki a kansu ko sun fara rauni. Sai wani dattijo, abokin Kawu tun suna yara, ya aika a kira taubashina. Tare muka je.

Dattijon bai yi doguwar magana ba. Ya nuna ramin da haɓa ya ce, "Ɗana, ubanka bai bar maka gida biyu ba, wannan ya bar maka. Ga aiki ya zo. In za ka iya, muna bayanka. In ba za ka iya ba, faɗa mana mu san an rufe ta ke nan."

Taubashina ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Baba, ba ni da abin zubawa."

"Ba kuɗi na tambaye ka ba," in ji dattijon.

Alhaji ya ba da kafin alƙalami, ni na ƙara abin da ya sawwaƙa, Inna, mahaifiyar taubashina, ta sayar da tunkiyarta. Aka fara yasa. Rijiyar rini bakinta bai fi mutum ya rungume ba, amma zurfinta ya kai gaba uku. Yaro ɗaya ne ke iya sauka, a riƙa miƙo guga. Kwana uku ana fitar da shara, sai a na huɗu aka kai ga tsohon katsin Kawu, toka-toka mai ratsin shuɗi, ya daskare kamar dutse. Dattijon ya hana a zubar da ko dunƙule ɗaya.

Da aka cika ta da ruwa don gwaji, da safe aka tarar ruwan ya sauka fiye da taƙi biyu. Ta tsage. A nan aka tsaya kusan mako biyu. Wasu suka ce a shafe da siminti a wuce wurin, kuma akwai rijiyoyin da aka yi wa haka. Dattijon ya nace a kan laso, ga shi masu iya haɗa shi a karofin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Katsin da aka fitar kuma bai isa ba. Abin da na gani da idona shi ne, ba tare da an yi shela ba, maƙwabtan rijiya suka riƙa kawo nasu a tsofaffin buhuna suna ajiyewa su koma bakin aikinsu. Aka cura shi, aka shanya, aka ƙona, aka daka, aka kwaɓa da gashin akuya daga majema da ruwan dafara. Wani tsoho da ƙafarsa ba ta ƙyale shi ya sauka ba ya zauna a baki yana gaya wa yaron da ke ciki inda zai danna da inda zai goge. A ranar na gane cewa katsi ba a kasuwa ake samunsa ba, rijiya mai rai ce ke haifar da shi. Duk wadda aka rufe, ta rage wa sauran abin gyara.

Baba ma sai da aka yi cigiya. A da manoma na kawo shi a dunƙule, busasshe, har bakin karofi. Yanzu masu nomansa sun yi ƙaranci, don ba manomin da zai ba shi fili alhali bai san ko za a saya ba. Daga ƙauye aka samo, ta hannun wani dillali, a farashin da ya cinye fiye da rabin jarin.

Haɗin kansa ba ya da yawa: ruwa, toka, kanwa, baba, sai haƙuri. Shunin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa. Sai ya jiƙa cikin ruwan toka ya ruɓa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi su shanye iskar da ke cikin ruwan, sannan ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa in aka ɗago ƙyalle daga rijiya kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, haka har ya kai duhun da ake so. Marina ba su faɗar haka da wannan lafazin. Su cewa suke rijiya ta tashi, ko ta yi barci, ko ta mutu, kuma suna gane ko wanne daga wari da kalar kumfa. Maƙwabcin Kawu ya ɗebo guga biyu daga tasa rijiyar ya zuba a tamu, ya ce don ta san hanya.

Kullum da safe taubashina zai zo ya tuƙa da muciya kafin ya fita da adaidaita. Sati ya wuce, biyu suka wuce, ba kumfa. Alhaji kuwa waya kan waya: motar Agadas tana da ranar tashi, kuma duk wanda ya ga rufe iyakar Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya sake ganin ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba ya son kayansa su kwana a Kano in hanya a buɗe take.

Saɓanin da aka yi

A nan ne abin ya kusa watsewa. Wani dare taubashina ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Malam, akwai garin shuni na kanti da soda. In na zuba, jibi zan fara tsomi. Wa zai gane?"

Na ce masa ban san amsar ba, amma na san ba ni zan yanke ba. Da safe shi da kansa ya kai maganar gaban dattawa, kuma na girmama shi a kan haka. Aka zauna a inuwar rumfar mabuga. Ba duka aka taru a kan ra'ayi ɗaya ba. Wani mai matsakaicin shekaru ya ce kowa ya san ana yi, mai saye kala yake nema ba tarihi ba, kuma yaron nan bashi ne a kansa. Maganarsa tana da nauyi, don ba ƙarya ya faɗa ba. Dattijon ya bari kowa ya gama, sannan ya ce rinin kanti ba haramun ba ne, wanda yake so ya kafa duro a gida ya yi, ya gaya wa mai kaya abin da ya sayar masa. Amma Alhaji rinin baba ya biya, kuma wanda zai naɗa rawanin a Agadas ya san warin baba kamar yadda ya san warin raƙuminsa. In ya gane sau ɗaya, ba sunan yaron zai kira ba, Ƙofar Mata zai ce.

Hukuncin da aka yanke shi ne ya fi burge ni, don bai tsaya a hani ba. Aka ce mutum uku masu rijiya mai ƙarfi kowa ya karɓi turmi biyar ya rina a tasa, a biya su ladan aiki kawai, sauran ribar ta mai oda ce. Aka tura mutum biyu su sami Alhaji su nemi ƙarin kwana goma, suka tsaya masa a matsayin lamuni. Ba takarda, ba sa hannu. Wannan shi ne mulkin karofi, kuma ya yi abin da ba wata hukuma da za ta yi cikin awa biyu.

A sati na huɗu rijiyar ta tashi. Na iso da hantsi na tarar kumfa mai duhun shuɗi da ƙyallin jan ƙarfe ta rufe bakinta, warin nan mai kauri da na sani a jikin rigar Kawu ya cika wurin. Taubashina ya tsuguna, ya tsoma wani ɗan farin ƙyalle, ya matsa shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Ya fito kore kamar ɗanyen ganye. Muna kallo gefensa ya fara duhu, duhun ya bi zare ya shiga tsakiya. Bai ce komai ba. Ya naɗe ƙyallen ya sa a aljihu, da yamma ya kai wa Inna.

Ita Inna ce ta riƙe ɓangaren ɗauri. Ta tara mata shida na layinsu, kowace da allura da zare, suna tsinke yadi suna ɗaurewa tamau don kada rini ya shiga inda aka ɗaure. Kowane ɗauri da sunansa, kuma zane ɗaya mai ƙananan ido na iya cin kwanaki. Su ne suka fi kowa wahala, su ne kuma suka fi kowa ƙarancin lada. Wannan na faɗa a gaban dattawa, zan kuma maimaita a nan: in 'yan matan gidajen nan suka ƙi koyon ɗauri saboda ladan bai kai na sayar da awara ba, rijiya ko ta tashi ba abin da za a tsoma mata. Baƙin kuwa aka kai wa mabuga, suka shafa shuni, suka shimfiɗa a kan gungume, mutum biyu suna fuskantar juna suna saukar da tabarya bi da bi har yadin ya ɗauki walƙiya.

Kaya sun tafi a kan ƙarin wa'adin. Alhaji ya cika kuɗi bai rage ko sisi ba.

Abin da lissafi ya nuna

Da muka zauna muka cire kuɗin baba da toka da yasa da laso da ladan mata da na mabuga da na maƙwabta uku, abin da ya rage wa taubashina bai kai abin da zai samu a adaidaita cikin waɗannan watanni ba. Dole a faɗi wannan, don masu son a ce sana'ar gado ta dawo ba sa son jin sa. Sai dai yasa da laso sau ɗaya ake yin su, kuma rijiyar da ta tashi tana aiki watanni kafin ta zama dagwalo, wato ruwan rinin da ƙarfinsa ya ƙare. Riba tana cikin oda ta biyu da ta uku. In ba su zo ba, ruwan zai yi rauni a banza, jarin ya tafi da shi.

Shi ya sa nake ganin yawancin taimakon da ake tunanin yi wa karofi ba a inda ciwon yake ake shafa shi ba. Katanga da allo da fenti suna da kyau, amma na mai kallo ne. Wurin nan ba gidan tarihi ba ne, masana'anta ce, kuma abincin masana'anta aiki ne mai zuwa a kai a kai. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Mahaya nawa ne ke naɗa baƙin rawani a hawan Daushe da hawan Nassarawa? In ko kaɗan daga cikinsu suka riƙa ba da aikinsu a nan duk shekara, marini zai san abin da zai zuba, shi kuma ya iya ce wa manomi tun kafin damina, noma mini baba zan saya. Haka masu otal, haka maɗinkan zamani, haka iyayen amare masu neman anko. Sannan karofin na buƙatar wata alama tasa da za a riƙa sa wa rinin baba na gaskiya, wadda dattawan da kansu za su tsare, tunda na ga sun iya tsare abin da ya fi wannan wuya.

Yanzu taubashina yana karofi daga asuba zuwa azahar, sannan ya fita da adaidaita har dare. Alhaji bai dawo ba tukuna. Wata mai shagon ɗinki a titin Gidan Zu ta karɓi zane goma sha biyu, ta ce za ta ƙara in sun shiga. Ɗansa mai shekara goma yana biyo shi ranar Asabar da Lahadi, shi ke riƙe bakin yadi in ana matsa, kuma farcensa ya fara kamawa. Makon jiya dattijon ya leƙa rijiyar, ya shinshina, ya ce ta fara gajiya, nan da wata guda sai an sake zubi. Taubashina ya aika wa dillalin baba ya ji farashi, bai ba da kuɗi ba tukuna.